Waiwaye: Ƙure gudun katin girafik, jiya da yau

A farkon shekarar 2003 wani labari ya karaɗe duniyar masu haɗa kwamfuta da hannunsu, irin labarin da mutum ba ya yarda da shi sai ya gani da idonsa. A cikin katunan girafik da kamfanin ATI na ƙasar Kanada ke sayarwa a lokacin akwai Radeon 9700 Pro, wanda ya fito a watan Agustan 2002 a kan dala 399, kuma babu katin da ke kama ƙafarsa a wajen gem. Akwai kuma ƙaninsa, Radeon 9500, da ake sayarwa kusan rabin wannan kuɗin. Sai masu bin ƙwaƙƙwafi suka gano cewa cip ɗin da ke zaune a tsakiyar katunan biyu ɗaya ne, wanda ake kira R300. Layukan zane takwas gare shi. A babban katin an bar su duka suna aiki, a ƙaramin an toshe huɗu. Wasu daga cikin ƙananan, masu memori 128MB, a kan allon babban ma aka gina su, da faffaɗar hanyar memorinsa mai bit 256.

Masu ƙarfin hali suka fara da ƙarfen soda, suna matsar da wani ɗan mitsitsin abu a gefen cip ɗin. Ba a jima ba wani ɗan Rasha, Alexey Nicolaychuk, mai manhajar RivaTuner, ya fito da hanyar da ba sai an taɓa katin ba: a ɗan gyara direbansa kawai, layukan nan huɗu su farka. Daga nan sai a ɗaga gudun cip ɗin daga 275 MHz zuwa 325, wato gudun 9700 Pro, mutum ya wayi gari da katin dala 399 a rabin kuɗi. Tsintar dami a kala ke nan. Amma ba kowa ya dace ba. Wasu suna buɗe layukan sai allo ya cika da ɗigo-ɗigo da murabba'ai, domin a nasu katin ba don kasuwa aka toshe su ba, da ma can lalatattu ne. ATI bai ɓata lokaci ba ya janye 9500 ya kawo 9600, wanda layuka huɗu kawai aka ƙera masa tun asali, babu abin buɗewa.

Na ɗauko wannan tsohon labari ne saboda har yau shi ke jan akalar tunanin matasanmu, ko da ba su taɓa jin sunan 9500 ba. Duk wanda ya zo neman shawara a kan kati, mai tace bidiyon biki ne, ko ɗalibin zanen gini, ko mai gem, tambaya biyu yake tafe da su. Ta farko, ga kati biyu masu kama da juna, wanne zan ɗauka? Ta biyu, idan na sayi ƙaramin na ƙure masa gudu, abin da suke ce wa obakulokin, ba zai kamo babban ba? Amsata ga ta biyun ita ce a da yana kamowa, yanzu ya daina. Dalilin da ya sa ya daina kuwa, shi ne ke amsa ta farkon.

Sai an san yadda ake ƙera cip kafin a gane inda waccan rarar ta fito. A kan faifan silikon guda ake buga cip masu yawa a lokaci ɗaya, a masana'antu irin na TSMC da ke Taiwan, sannan a yayyanka su. Ba sa fitowa daidai wa daida. Wani lafiya lau, wani da ɗan aibi a kusurwa, wani kuma yana aiki amma sai an ba shi wuta da yawa kafin ya yi gudu. Kamfani ba ya zubar da mai aibi. Sai ya kashe ɓangaren da ya lalace, ya sa masa ƙaramin suna da ƙaramin farashi. Idan masu neman ƙaramin kati suka fi masu aibin yawa, sai a ɗebo lafiyayyu a toshe su da gangan don a cike gurbi, kuma irin waɗannan ne suka faɗa hannun masu sa'a a 2003. Gudun ma haka ake tsayar da shi a da: lamba ɗaya ga kowa, wadda mafi raunin cip zai iya ɗauka a cikin akwati mara iska, a ranar zafi, shekara da shekaru. Kamar tela ne da ke barin kalmasa mai faɗi a ƙafar wandon yaro. Mai ƙure gudu ba yadi yake ƙarawa ba, kalmasar da aka bari yake warwarewa.

Rarar kuwa tana da yawa a wancan zamani. GTX 460 na kamfanin Nvidia, da ya fito a watan Yulin 2010, a kan 675 MHz aka sake shi, amma kai shi 800 abu ne da kusan kowa ke yi, wasu har suna wuce 850. Ƙarin kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ke nan ba da ko sisi ba. A watan Disamban wannan shekarar, AMD, wanda ya saye ATI tun 2006, ya fito da HD 6950 a kan dala 299 da HD 6970 a kan dala 369, sai aka sake kwata abin da aka yi a 2003. A kwafo BIOS ɗin babban a ɗora wa ƙaramin, ƙwayoyin lissafinsa su tashi daga 1408 zuwa 1536. Katin har da ɗan makunni yake zuwa na BIOS biyu, idan ka lalata ɗaya ka koma ɗayan. HD 7950 na farkon 2012 ya zo da 800 MHz, ana kai shi 1000 har 1100. Na ƙarshe a wannan jeri, a ganina, shi ne GTX 980 Ti na 2015, wanda aka rubuta masa 1075 amma da yawa ke zama daram a kan 1400 da ɗoriya.

Waɗanda suka yi aikin tace fim da Premiere Pro CS5 za su tuna wani ɗan'uwan wannan dabara. Lokacin da Adobe ya fito da shi a 2010, katunan Nvidia ƙalilan ne, galibinsu masu tsada, aka yarje wa su ɗauki nauyin aikin. Ashe jerin sunayensu a cikin wani ɗan fayil na rubutu yake. Ka buɗe shi, ka rubuta sunan katinka a ƙasa, ka adana. Matuƙar katin Nvidia ne mai isasshen memori, sai bidiyon da ke sarƙewa ya fara tafiya sumul. Wanda ya taɓa ganin haka da idonsa ba za ka raba shi da imanin cewa kowane kati yana ɓoye da wani ƙarfi ba, kuma ban ga laifinsa ba. A lokacin gaskiya ne.

Abin ya fara juyawa ne a watan Maris na 2012, da fitowar GTX 680. Da shi Nvidia ya kawo tsarin GPU Boost, wanda ya kawar da lamba ɗaya ga kowa. Katin da kansa yake duba wutar da yake sha, idan da sauran sarari ya ƙara gudu, idan ya kai iyaka ya sassauta, kuma yana sake wannan lissafi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. A 2013 aka ƙara masa lura da zafin jikinsa. AMD ma ya bi sahu da nasa tsarin. Ma'ana, aikin da samari ke kwana suna yi da RivaTuner, an koya wa katin ya yi wa kansa. Zuwa 2016, GTX 1080 da aka rubuta wa 1733 MHz a kwali, kana kunna gem za ka gan shi a 1800 da wani abu ba tare da ka taɓa komai ba, kuma duk nacinka da wuya ka wuce 2100, domin an kulle ƙarfin wutar da za a iya ba shi. Mai araha da mai tsada, kusan duk a iyaka ɗaya suke tsayawa. Ɓangarorin da ake kashewa a cikin cip ma, galibi yanzu tun a masana'anta ake datse su yadda babu manhajar da za ta tashe su.

Wanda ke son ya ga tsadar ɗan abin da ya rage, ya dubi abin da AMD da kansa ya yi. RX 480 na 2016 yana gudun 1266 MHz da wat 150. A watan Afrilun 2017 kamfanin ya ɗauki wannan cip ɗin, ya ɗaga shi zuwa 1340, ya raɗa masa suna RX 580. Ƙarin gudun bai cika kashi 6 cikin 100 ba, wutar kuwa ta tashi zuwa wat 185, ƙarin kashi 23. Ba sakacin injiniyoyi ba ne, haka lantarki yake. Wutar da cip ke ci tana tashi daidai da gudunsa, amma a ɓangaren boltej sai an ninka lambar da kanta. Ka ƙara gudu kashi 10, ka ƙara boltej kashi 10 don cip ɗin ya iya riƙe wannan gudun, cin wuta ya ƙaru da kashi 33. Duk wat ɗin nan kuma zafi yake zama, zafin kuma shi ke sa katin ya rage gudun da ka sha wahala ka ƙara. A katunan yau da wuya ribar ta kai kashi 10 a ainihin aiki, galibi rabin haka ne. Gem ɗin da ke ba ka hoto 50 a daƙiƙa zai koma 53. Ido ba ya ganin wannan, sai dai lambar da ke kusurwar allo ta gaya maka.

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke sana'ar ɗaukar bidiyon biki da tace shi, ya zo mini da hotunan kati uku a wayarsa, duka RTX 3060. A hankali ya tara kuɗin, daga aikin kamu zuwa na walima, don haka ba ya son abin da zai sa shi cizon yatsa.

"Kawu, wannan na tsakiyar OC ne," in ji shi, yana buɗa hoton kwalin da yatsu biyu. "Mai shago ya ce kamfani ya riga ya ƙure shi, ya fi ɗayan gudu nesa ba kusa ba."

Na ce ya nemo mana lambobin. Na farkon 1777 MHz, wato ainihin abin da Nvidia ya tsayar. Mai OC ɗin 1837. Ƙarin 60 ne, bai kai kashi 4 ba a rubuce, a aikace kuma, da yake kowannensu zai haura lambar kwalinsa da kansa, bambancin ya fi haka ƙanƙanta. Na ce masa, "Haruffan nan biyu ba su cancanci kuɗinka ba. Amma nuna mini gefensa." Mai OC ɗin fanka biyu gare shi manya, da ƙarfen sanyaya mai kauri da bututun tagulla suka ratsa. Ɗayan fanka ɗaya ne a kan siririn ƙarfe. Na ce, "In za ka ƙara kuɗi, to wannan ƙarfen kake saya, kuma ya cancanta."

Sai ya zame da yatsa zuwa hoto na uku. "To wannan fa, Kawu? Ya fi su sauƙi sosai, kuma shi ma 3060 ne. In na ƙure shi ai shi ke nan."

A nan gizo ke saƙa. Na ukun mai 8GB ne, sauran biyun 12GB. Mai kallon kwali zai ɗauka memori kawai aka rage, ya ce ai takwas ma ta ishe ni. Alhali guntayen memori shida ne a kan na asalin, aka cire biyu, kuma kowane guntu da hanyarsa yake tafiya. Don haka faɗin hanyar ya sauko daga bit 192 zuwa 128, bayanan da ke iya wucewa a daƙiƙa suka sauko daga 360GB zuwa 240GB. Kafin ƙaramin ya kamo babban sai an ƙara wa memorinsa gudu da rabi cur, kashi 50, kuma babu memorin da zai ɗauki ko kusa da haka. A 2003 abin da ya raba ƙani da wa toshewa ce, ana iya buɗe ta. Yau abin da ya raba su babu shi a kan allon sam. Shi ya sa nake cewa wanda ke kwatanta kati biyu ya bar kallon MHz sai a ƙarshe. Ya fara da cip ɗin da yawan ƙwayoyin lissafinsa, sai yawan memori da irinsa da faɗin hanyarsa, sai ƙarfen sanyaya.

Wannan al'ada ta sa wa kaya biyu suna ɗaya ba sabuwa ba ce, kuma ban taɓa jin hujjar da ta gamsar da ni a kanta ba. GTX 460 ɗin nan da na yaba ya zo da 1GB mai bit 256 da 768MB mai bit 192. GTX 1060 na 2016 mai 6GB ƙwayoyin lissafi 1280 gare shi, mai 3GB kuwa 1152, sunan bai canza ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne GT 1030, domin katin masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda ba su da halin yin kuskure sau biyu. Na farkon ya zo da memori GDDR5 mai wucewar 48GB a daƙiƙa. A 2018 aka shigo da wani mai DDR4, mai 16.8GB kacal, kusan kashi ɗaya cikin uku, a kwali mai kama da na farkon, ba tare da wata shela ba. A wasu gem ɗin rabin aikin ɗan'uwansa yake yi. Haka RX 580 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin a 2018, wanda yanzu ya cika shagunan intanet kuma yake isowa gare mu da araha: ƙwayoyinsa 2048 ne, irin na RX 570, ba 2304 na ainihin RX 580 ba. Kati ne mai amfani idan ka saye shi a matsayinsa da kuɗinsa, matsalar ita ce ka biya kuɗin wani.

Inda masu saye suka ɗaga murya, an ja da baya. Bayan da aka gano a farkon 2015 cewa 4GB ɗin GTX 970 a rabe yake, 3.5GB mai sauri da rabin giga mai nawa, magana ta kai kotu a Amurka, aka sasanta a 2016 a kan dala 30 ga kowane mai saye. A watan Oktoban 2022 Nvidia ya janye RTX 4080 mai 12GB tun kafin ya shiga kasuwa, saboda cip ɗinsa daban ne da na mai 16GB, ya dawo da shi a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti, a kan dala 799 maimakon 899. Masu laftof, waɗanda su ne suka fi yawa a cikinmu, nasu ya fi rikitarwa: RTX 3060 na laftof ana iya ba shi wat 60, ana iya ba shi 115, gwargwadon yadda mai ƙera laftof ɗin ya ga dama, kuma takardar da ke manne a jiki ba ta faɗa.

Dabarar nan ta ɗora BIOS kuwa, wadda a 2010 mai saye ke amfana da ita, yau 'yan damfara ne suka gaje ta. Ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010, mai ƙwayoyin lissafi 192, a sauya masa BIOS da murfi, ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti mai 4GB, alhali na gaskiyar 768 gare shi. Windows za ta nuna maka sunan ƙaryar, domin abin da katin ya gaya mata shi take maimaitawa. Sai ranar da aiki ya nemi fiye da ɗan memorin da ke ciki na haƙiƙa, komai ya tsaya cak. Alama ta farko ita ce shuɗiyar kafar VGA a bayansa, wadda da wuya ka gan ta a 1050 Ti na gaskiya. Ta biyu ita ce manhajar GPU-Z, kyauta ce kuma ƙarama, tana nuna sunan cip, yawan ƙwayoyi, irin memori da faɗin hanyarsa, takan ma rubuta gargaɗi idan ta gane jabu ne. Ko a Beirut Road a Kano kake, ko a Computer Village da ke Ikeja, ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai hana ka sa katin a kwamfuta ka buɗe ta ba. Sayen kati ba tare da wannan ba sayen kifi a ruwa ne.

Akwai kuma katunan hannu da suka malalo kasuwa bayan 15 ga Satumban 2022, ranar da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da katin girafik wajen haƙa. Ba duka ne marasa kyau ba. Masu haƙa da yawa rage wa cip wuta suke yi don su rage kuɗin lantarki. Memori da fanka ne suka sha wuya, dare da rana ba hutu. Irin wannan kati ba abin ƙurewa ba ne, abin a sauya masa man sanyaya ne a duba fankokinsa, a kuma tabbatar BIOS ɗinsa na asali ne.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda alƙaluman masu gwaji na Turai da Amurka ba sa nunawa. Su a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke gwaji. Mu a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, zafin watan Afrilu haura digiri 40 yake yi, kuma shago mai rufin kwano mara na'urar sanyaya ɗaki ba ya nisa da haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hura wa ƙarfe. Katin da ya nuna 65 a wurinsu zai doshi 80 a wurinmu, ko ya wuce. Katunan Nvidia da yawa 83 aka sa musu a matsayin iyaka, kuma tun kafin su kai can suke sauke gudu kaɗan-kaɗan yayin da zafi ke hawa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe tsakanin haƙoran ƙarfen har ta zama kamar auduga. A irin wannan hali katinka bai ma kai gudun da kamfani ya ba shi ba, balle ka nemi ƙari. Shi ya sa tsakanin kati biyu masu cip ɗaya da memori ɗaya, mai kyakkyawan sanyaya shi ne mai gudu a ƙasarmu, ko an rubuta masa OC ko ba a rubuta ba. Buɗe akwati a hure ƙura, a gyara hanyar iska, a sauya busasshen man sanyaya, sau da yawa ya fi duk wani ja da za ka yi a manhaja dawo da gudu.

Ga mai sana'a lissafin ya fi haka tsanani. Mai gem idan katinsa ya tsaya, wasa ɗaya ya rasa. Mai tace bidiyo da ya bar aikin awa biyu yana fita da dare, ga amarya da danginta suna jiran kayansu da safe, idan katin ya tsaya a tsakiya ko ya zuba ɗigo kore a fuskar ango, minti biyar ɗin da ya so ya tsira da su sun ci masa dare guda da mutuncinsa a wurin masu biki. Sau da yawa ma ba katin ne ke riƙe aikin ba, furosesa ne, ko ƙarancin RAM, ko tsohon faifan ajiya. Ƙure memorin kati kuma yana da wani tarko na daban. Memorin zamani yana gane kuskure a hanya ya sake aikawa, don haka idan ka wuce gona da iri ba lallai ya tsaya ba, sai dai lambar gudun ta hau, aikin kuma ya ragu, kai ba ka sani ba.

Abin da na fi ba mutane shawara a kai yanzu shi ne kishiyar ƙurewa, wato rage wa katin boltej. Lissafin nan na ninki da ke cutar mai ƙarawa, shi ke taimakon mai ragewa. Kamfani yana ba kowane cip wutar da za ta ishi mafi rauninsu, naka kuma mai yiwuwa ba ya buƙatarta duka. Katin da ke aiki a bolt 1.05, idan ya iya riƙe kusan wannan gudun a 0.9, cin wutar cip ɗin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Zafi ya sauka, fanka ta rage ihu, gudun kuma ya zauna wuri ɗaya maimakon hawa da sauka. A manhajar MSI Afterburner, wadda ta fito a 2009 kuma Nicolaychuk ɗin nan ne ya gina ta a kan RivaTuner, ana yin haka ta jadawalin boltej da gudu. Manhajar AMD tana da nata wurin. Wanda bai son shiga wannan duka, ya ja iyakar wuta zuwa kashi 80, a manyan katunan zamani abin da zai rasa na gudu ɗan kaɗan ne. Ba zan ce kuɗin wuta zai ragu sosai ba. Ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa rukunin Band A a Najeriya a watan Afrilun 2024, rage wat 40 na awa 10 naira 90 ne a rana. Amma ga mai aiki da batirin inbata ko ƙaramin janareta, wat 40 na iya zama abin da zai sa aiki ya gama fita kafin wuta ta ɗauke.

Duk da haka ban ce ƙure gudu ya mutu ba. Wanda ke riƙe da tsohon kati irin HD 7950, GTX 970 ko 980 Ti, rararsa tana nan, kuma idan sanyayarsa da akwatin wutarsa masu kyau ne, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Haka wanda gem ɗinsa ke tsayawa a hoto 56 yana neman 60, ɗan ƙarin zai ji shi. Akwai kuma masu yi don sha'awa da neman sani, har da masu gasa da ke zuba wa cip ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili don su kafa tarihi na 'yan mintuna, kuma yaro yakan koyi lantarki da haƙuri a wannan hanya fiye da yadda zai koya a allo. Wanda zai yi, ya fara rubuta lambobin katinsa kafin ya taɓa komai, gudu da zafi da sakamakon gwaji, don ya san ko ya ci riba. Ya riƙa ƙara 15 MHz a kowane mataki, cip daban memori daban, yana gwadawa da ainihin aikin da yake yi, ba da manhajar gwaji kaɗai ba. Da ya ga ɗigo, ko allo ya ɗauke, ko sakamako ya fara raguwa, ya koma baya mataki biyu. Kada ya sa manhajar ta riƙa ɗora saitin da kanta a lokacin kunna kwamfuta sai ya yi kwanaki yana aiki da shi lafiya, kuma kada ya taɓa BIOS a katin da ba shi da makunni na biyu ko kuɗin maye gurbinsa. Saitin da ya zauna lafiya a sanyin Disamba sai an sake gwada shi a Afrilu, don haka ya adana guda biyu, na hunturu da na bazara.